Kawuna da Ɗan Ƙwadagon La'asar

Labarin rasuwar Kawu ya same ni ina cikin aji a Funtuwa, da alli a hannuna. Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai bishara na farko da ikilisiyar ƙauyenmu ta taɓa samu, can gaba da Dayi kaɗan. Kafin in sami mota in isa, gida ya cika ba masaka tsinke. Matan zumuntar ikilisiya suna zaune a tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Dangin mahaifina, Maguzawan unguwar tudu, sun jeru a gindin ɗorawa, kowa ya ɗora hularsa a gwiwa. A bakin zaure kuma ga Alhaji, maƙwabcin Kawu na gona tun suna samari, ya tsufa har sai an riƙe shi yake tashi. Duk wanda ya yi masa gaisuwa, amsarsa ɗaya ce, wai shi ya kamata ya riga tafiya don shi ne babba.

Waɗannan duk na dube su na ji tausayi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne dattawan ikilisiya. Sun zo cikin fararen riguna, an jera musu kujeru a inuwa, suna karɓar gaisuwa kamar su aka yi wa mutuwar. Babban dattijo yana ta faɗa wa baƙi cewa yau babban bango ya faɗi, ikilisiya ta zama marainiya, ba za a sake yin kamarsa ba. Wani ya ce za a rataye hotonsa a cikin majami'a. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyata ta mintsine ni a cinya, ta ce in bar gawar yayanta ta fita lafiya. Na yi shiru ranar. Amma ban yi mata alkawarin yin shiru har abada ba. Idan na bar yabon nan ya tsaya haka, jikokinmu za su tashi suna zaton Kawu ya yi rayuwarsa ne a kan kujerar girma, alhali a bencin baya ya ƙare ta, kuma masu yabon ne suka kai shi can.

Gajere ne, baƙi, da tsagen gidansu a kumatu, haƙorinsa ɗaya na sama a karye. Sai da ya yi aure ya koyi karatu, don haka har ya mutu da yatsa yake bin layi. Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, musamman a kan awakin da ke shigar masa wake, kuma in ya hau wa'azi ba ya sanin sauka, har tuwon rana ya huce a tukunya. Amma ba a wuce ƙofar gidansa lokacin cin abinci a tafi haka nan. Bafulatana mai tallar nono, direban da motarsa ta lalace, mahaukacin kasuwa, duk sun san akushinsa. In matarsa ta yi ƙorafi, sai ya ce ruwan sama bai san iyakar gona ba, shi wane ne da zai sani.

Akwai misali ɗaya na Yesu da ya fi ƙauna, na mai gona da 'yan ƙwadago. Ya maimaita shi har samari suna raɗa wa juna cewa yau ma gona za mu. Ba ya karanta shi yadda yake a rubuce, mayar da shi yake yi gonar auduga, don ita muka sani. Ya ce wani mai gona ne audugarsa ta fashe, ya fita da sassafe ya ɗauki masu tsinka, suka shirya ladan yini. Da hantsi ya koma bakin kasuwa ya ƙaro wasu, da azahar ma haka. Can da la'asar sakaliya ya tarar da wasu a tsaye, waɗanda kowa ya duba ya wuce, ya ce su ma su zo. Da aka tashi, sai ya fara biyan na la'asar, ya ba su ladan yini cur. Na sassafe suka gyara tsayuwa suna jiran ƙari, sai ga shi an ba su daidai da na kowa. Nan suka ɗau gunaguni. Mai gona ya tambaye su ko ya rage musu wani abu daga abin da suka shirya, ko kuwa alherinsa ne ke ci musu rai.

A nan Kawu yake tsayawa ya dubi jama'a. Ya ce kowa na tausayin na sassafe don rana ta gasa su, amma ba mai tambayar yadda na la'asar ya yini. Shi ya yini ne a tsaye da yunwa, yana tunanin abin da zai gaya wa 'ya'yansa. Na sassafe tun da safe ya san zai ci tuwo. Dattawa su gyaɗa kai su ce amin. Shekara da shekaru suna cewa amin, domin a lokacin na la'asar bai da fuska.

Mahaifina ne ya ba shi fuska.

Ba zan wanke mahaifina ba. Bamaguje ne na gaske, manomi wanda ake kwatance da shi, mai riƙe da tsafin gidansu, kuma ya tsani majami'a tsana mai tsanani. Yana ganin Kawu ne ya juyar masa da kan mata. Ranar da aka yi wa mahaifiyata baftisma, ya tare Kawu a hanyar rafi ya ɗirka masa ƙotar fartanya a baki. Asalin karyayyen haƙorin ke nan. Ran Lahadi kuwa yakan ɗauko ƙwaryar burkutunsa ya zauna a gindin marken da ke daf da tagar majami'a, yana sha yana tsokanar masu shiga. Yakan ce wa dattawa bayin Bature. Ya yi haka tun ina rarrafe har na yi aure. Duk da haka, ko wace damina in mahaifina ya kira gayya, Kawu ne ke fara isa da garmarsa. Su yini a kunya ɗaya ba mai ce wa wani uffan, a ci a sha, kowa ya kama gabansa.

Ina da goyon ɗana na fari ciwo ya kwantar da mahaifina. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka haye, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Bazara ce, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Wata ranar Laraba da hantsi ya ce a kira masa yayan matarsa. Ina ɗakin ina yi masa fifita lokacin da Kawu ya shigo ya tsuguna. Mahaifina ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, “Wannan mai gonar audugar naka. Rana ta yi nisa haka, yana ɗaukar mutum?”

Ashe duk shekarun nan da yake gindin marke, kunnensa na cikin taga.

Kawu ya ce, “Yana bakin kasuwa tun ɗazu, kai yake jira.”

Mahaifina ya ce ai ba shi da sauran ƙarfin tsinkar ko ƙulli ɗaya. Kawu ya ce ba a tambaye shi ƙarfi ba, an ce ne ya zo. Suka yi addu'a, Kawu na faɗa yana maimaitawa. Da bakinsa ya ce ya ba da gaskiya ga Yesu, da kunnena na ji. Bayan sun gama ya miƙa hannu ya taɓa leɓen Kawu, wajen haƙorin. Kawu ya kama hannun ya riƙe.

Mai bishara ba ya yin baftisma, aikin fasto ne, faston kuwa ƙauyuka da yawa yake zagayawa, sai ƙarshen wata zai zo mana. Kawu ya tura masa saƙo. Mahaifina bai jira ba, ya cika ran Juma'a da safe.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Ƙannen mahaifina suka ce tunda ya bar hanyar kakanni a bakin kabari, waɗanda ya bi su binne shi. Ban ji haushinsu sosai ba, su ba su taɓa cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa ba. Kawu ya aika a fara haƙa a maƙabartar ikilisiya. Kafin masu haƙa su sara ƙasa, dattawa suka iso suka tsaya a wurin. Ni da mahaifiyata muka bi Kawu, muka same su.

Babban dattijo, wannan dai mai maganar bango ya faɗi, a lokacin da sauran ƙarfinsa, ya ce maƙabarta ta masu bi ce, mutumin nan kuwa ba a yi masa baftisma ba. Kawu ya ce mahaifina ya tuba a gabansa, ga 'yarsa shaida. Dattijo ya ce tuban mai jin tsoron mutuwa ba tuba ba ne. Daga nan gaskiyar abin ta fito. Ya ce su ne aka kora daga gidajen iyayensu saboda wannan bangaskiya, su ne aka hana mata, su suka ɗebo laka a ka suka gina majami'a, mutumin nan yana zaune yana musu dariya. Yanzu don ya yi kwana biyu yana kiran sunan Yesu, sai a kwantar da shi kusa da iyayensu, kafaɗa da kafaɗa?

Kawu ya ce, “Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, tare muka sha. Ni ma ga bakina. Amma gaya mini, in ya kwanta a nan, me aka rage maka?”

Dattijo ya ce ba wa'azi suka zo ji ba.

Kawu ya ce, “Ai kun ji shi ya fi sau ɗari, kuna cewa amin. Yau ne kawai aka zo biya.”

Ba wanda ya matsa. Mutum shida, kowannensu ya san mahaifiyata, kowannensu ya sha kunun da take damawa ran bikin Kirsimeti, suna kallonta tana kuka, suka ƙi ba mijinta taku bakwai na ƙasa. Rana ta take tsaka, gawa tana ɗaki, kowa ya san abin da zafin bazara ke yi wa gawa. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi, na ce yau za a doku. Sai ya sunkuya ya ɗauki diga daga hannun mai haƙa, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi gonarsa.

A gindin wata ƙanya ya fara sara. Ƙasar ta bushe kamar dutse, digar na tsalle. Mijina da wana suka karɓe shi, masu haƙan ikilisiya kuwa tsoron dattawa ya hana su biyo mu. Alhaji yana sharar gonarsa a maƙwabta, ya hango, ya zo ya tambaya. Da aka gaya masa, ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya ɗauki shebur. Wani ɗan'uwansa da ke tare da shi ya ja shi gefe yana tuna masa ko kabarin wa yake haƙawa. Alhaji ya ce shi rami yake haƙa wa maƙwabci, kuma bai taɓa jin inda aka ce a bar ɗan Adam ya ruɓe a ɗaki ba. Ya shiga ramin har ƙugu.

Da la'asar muka sa shi. Mu tara ne a bakin kabarin, har da jaririn da ke bayana. Kawu ya yi masa duk abin da ake yi wa mai bi, ya yi karatu, ya ta da waƙa da muryarsa mai kaushi, ya kira shi ɗan'uwanmu cikin Almasihu.

Wannan kalma ita dattawa suka riƙe. Suka kai ƙara wurin shugabannin ikilisiya na sama cewa ya raina su, ya yi wa arne jana'izar Kirista. Haka suka rubuta, arne, sunan da su kansu aka yi ta jifansu da shi a kasuwa suna jin zafi. Aka sauke shi daga aikin bishara, aka sa shi ƙarƙashin horo. A wurinmu mai horo bencin baya yake zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba ya magana a taro. Aka ce in ya tashi gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, za a mayar da shi. Ya ce in laifin ɗaga wa dattawa murya ne, ya roƙi gafara yanzu ma. Amma a ce ya furta cewa mutumin da ke gindin ƙanya ba ɗan'uwa ba ne, wannan ƙarya ce zai yi wa mai gona, ba zai iya ba.

Ran Lahadin farko ya riga kowa zuwa, ya share majami'ar kamar yadda ya saba, ya je ya zauna a baya. Majami'ar da shi ya aza harsashinta. Dattawa suka zo da gurasa da ƙoƙo suka wuce shi. Ina kallon hannunsa a kan gwiwa, ya ɗan motsa don sabo, ya koma. Ni daga ranar na daina shiga majami'ar ƙauyenmu, sai da na shekara bakwai.

Bayan wasu shekaru wani sabon fasto ya ɗage horon a cikin sanarwa, tsakanin maganar gyaran rufi da ta taron mata. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, ba a kuma mayar masa da aikinsa ba. Aka ce ya dawo kujerun gaba. Ya ce ya gode, ya saba da inda yake, kuma akwai mutane a can. Da gaskiyarsa. Bencin baya nan ne wurin wanda ya makara, da yarinyar da ta yi ciki aka hore ta, da mashayin da ya shigo yana warin daren jiya, da Bamagujen da ya leƙo don ya ga abin da ake yi. Duk wanda ya zo, Kawu zai matsa masa, ya miƙa masa rabin littafin waƙa ko da bai iya karatu ba. 'Ya'yan ƙanen mahaifina uku ta wannan benci suka shigo ikilisiya. Ɗayansu yanzu shi ke jagorar mawaƙa, dattawa kuma suna alfahari da shi a gaban baƙi.

Wata ikilisiya ta Malumfashi ta aiko masa har sau biyu ya zo ya riƙe musu reshe. Ni kaina na roƙe shi ya tafi inda aka san darajarsa. Ya ce ba a barin gona don abokan aiki sun ɓata maka rai, ai ba tasu ba ce.

Zuwana na ƙarshe wurinsa da daminar bara ne. Yana zaune a zaure yana gasa masara, idanunsa sun yi rauni. Hira ta kai mu kan babban dattijo, wanda aka ce ciwon ƙafa ya kwantar, sai na ji ashe Kawu na zuwa duba shi duk mako, har da kai masa man zafi. Raina ya ɓaci. Na faɗi maganganu a kan mutumin nan waɗanda ba zan rubuta ba. Kawu ya bar ni na gama, yana juya masararsa.

Ya ce, “Ɗiyata, in aka tashi biya, mai gona ya ba shi daidai da ni, daidai da mahaifinki, za ki yi gunaguni?”

Na ce ƙwarai kuwa, har sai an ji ni a Dandume.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce to ashe ni ma na zama ta sassafe. Ya ɓare masarar biyu ya ba ni babban ɓarin. Ya ce mutumin nan an kore shi daga gidan ubansa yana saurayi, ya kwana a rumbu wata uku, abin da ya sani ke nan, wahala da lada. Ba wanda ya taɓa ba shi komai kyauta, shi ya sa kyauta ke ba shi tsoro. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce bai ce hujja ba ce.

Har yau ina kan bakana. Ina ganin akwai bambanci tsakanin gafarta wa mutum da barinsa ya tsaya a kan gawarka yana shafa wa labari shuni. Kawu ya gafarta, wannan nasa ne. Ni aikina in faɗi abin da ya faru.

Dattawa sun shirya masa kabari a gaban majami'a, wurin da ba a taɓa sa kowa ba, har sun sayo bulo da siminti. Da safiyar jana'iza babban ɗansa ya tashi ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya, a gaban matarsa da Alhaji, cewa a gona za a sa shi, gindin ƙanya, kusa da mijin ƙanwarsa. Aka fara ce-ce-ku-ce, wai bai dace da matsayinsa ba. Mahaifiyata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba, ta ce daga inda take zaune, “Matsayin da kuka ba shi ai a baya yake. Ku bar shi ya je inda ya zaɓa.”

Haka aka ɗauki gawa aka ratsa gonaki, jama'a ta fi ta ranar kasuwa. Babban dattijo a kan babur aka kai shi, aka riƙe shi ya sauka. Bai taɓa taka wurin ba sai ranar. Fasto bai san tsohon labari ba, baƙo ne, sai ya ce babban dattijo ya rufe da addu'a. Aka tsayar da shi tsakanin sabon rami da tsohon tudun da ciyawa ta rufe. Ya yi addu'ar da aka saba, ta ta'aziyya da begen tashin matattu. Can wajen ƙarshe sai ya ce Ubangiji ya karɓi bayinsa biyu da ke kwance a wannan wuri.

Biyu ya ce. Bai ƙara komai a kai ba, bai dubi mahaifiyata ba, bai nemi gafarar kowa ba. Kalma ɗaya, bayan jaririn da na goya ranar ya yi gemu. A wurina ta yi kaɗan, ta kuma makara ƙwarai.

Mahaifiyata ta ce amin da ƙarfi, har mutane suka waiwayo. Ni nawa ya maƙale. Sai da aka mayar da ƙasa, jama'a suka watse, muka kama hanyar gida ina riƙe da hannunta, sannan ya fito, shi ma da ƙyar.

Ubangiji ya hutar da kai, Kawu. Mu da muka rage a rana, ya yi mana haƙuri.